Sawunsa a Rami na Tara

Jikata ta raka mijinta tasha ran nan, zai tafi Kwatano. Kafin ta dawo ta cire mayafi ya kira ta sau biyu a portabul, wayar nan ta hannu: sun wuce gada, direba na gudu, wata mata ta tura masa kaza ƙarƙashin kujera. Ina zaune ina tsince wake ina jin su, sai na ga ashe tafiya ta ƙare a duniya. Yanzu mutum fita kawai yake yi, muryarsa tana nan ƙulle a bakin zanen matarsa. Mu a zamaninmu idan namiji ya sha kwanar masallaci, ya tafi ke nan. Abin da ya rage miki sai ƙamshin rigarsa a jikin ƙusa, da wurin da ƙafarsa ta taka. Labarin wannan na biyun nake so in bayar tun da sauran ƙarfina, domin na yi wa wani bawan Allah laifi da shi.

A Jugu aka haife ni, a gidan goro. Kakanninmu fatake ne da suka yada zango a hanyar Gwanja, zangon ya daɗe har ya zama gida. Ban tarar da jakuna ba, kamyo, babbar motar kaya, ya riga ya karɓe aikinsu, amma gidan bai saki al'adun ayari ba. Da hantsi za a kwance huhu a tsakar gida, ƙamshin ɗanyen ganye ya tashi, mu 'yan mata mu kewaye tabarma muna ware fari da ja, muna jefa wanda sankara ta ci cikin ƙwarya, ƙwas, ƙwas. A yayyafa ruwa, a sake lulluɓewa. A kasuwa mu yi Dandanci, yaren garin, a gida Hausa, wanda ya shiga lakwal, wato makarantar boko, ya ƙara da Faransanci don a san ya shiga. Ni ban yi nisa a lakwal ba, iyakata na iya karatu, shi kuwa ya ishe ni, domin 'yan kasuwar da ke zuwa daga Najeriya suna riƙo mana littattafan soyayya a ƙasan kayansu. Na sha ƙona miya a kansu. A cikinsu na koyi cewa duk wanda ya tafi yana dawowa, a shafin ƙarshe, cikin mota.

Iya, uwar mahaifina, tana da wata tukunya a ƙarƙashin gadonta, cike da 'yan ƙulle-ƙulle, kowanne da irin tsummansa. Duk namijin gidan da zai yi tafiya mai nisa, sai matarsa ko uwarsa ta jira ya ɓace wa gani, ta durƙusa a ƙofar gida, ta kwashe ƙasar sawunsa da gefen tafin hannu, ta ƙulle a ƙyallen zanenta, ta kai wa Iya ajiya. Wata rana ina share ɗakin na jawo tukunyar na ɗauki guda.

"Iya, wannan na wane ne?"

"Na ubanki. Ajiye, ba alewa ba ce."

"To in na zubar fa?"

"Sai ya ɓata hanya, ki je kasuwar Partago ki sayo wani uban."

Ta karɓe ta mayar, sannan ta faɗa mini ƙa'idar kamar mai faɗin yadda ake dama koko. Ƙafar dama. A ƙofar gida. Ranar da ya dawo, kafin ya sha ruwa, a mayar da ƙasar inda aka ɗebe ta. In kuwa aka aiko ya rasu, a mayar kafin sadakar uku, kada a bar mutum yana yawo. Malamin gidanmu ya sha cewa camfi ne, a daina. Iya ta ce masa to, Allah ya gafarta malam, ta ci gaba da abinta. Ni kuwa na riƙe ƙafar dama, na riƙe ƙofar gida, amma ban tambayi dalilin ko ɗaya ba.

Ina budurwa aka tura ni Paraku, unguwar Ganu, in taya Gwaggo aiki, ƙanwar mahaifina, da ciwon ƙafa ya kwantar. A can na tarar da ɗanta. Ba zan kama sunansa ba, ban kama shi yana raye ba. Taubashina ne, kuma da yake ni 'yar namiji ce shi ɗan mace, a wasanmu bawana ne. Dogo, siriri, ba ya son takalmi. Yana aiki a wani fili da ke bayan unguwar, inda Turawa da manyan ma'aikatan wani kamfanin auduga ke wasan da suke kira golf. Gwaggo ba ta taɓa yarda ta faɗi kalmar ba, sai dai ta ce wasan marasa aikin yi.

Wanda ya san Ganu ta yau, da gidajen bulo da hayaƙin 'yan zem masu haya da babur, ba zai yarda akwai irin wannan fili ba. Daji ne aka sassabe, aka bar kaɗanya da ɗorawa jefi-jefi. A cikinsa akwai ramuka tara, kowanne bai fi bakin kofi ba, da 'yar tuta a tsaye. Ana bugun wani farin ƙwallo ƙarami da sanda mai kan ƙarfe, daga nesa, ana binsa har ya faɗa rami. Da yake ciyawa ba ta zama a ƙasarmu da rani, sai aka zagaye kowane rami da yashi mai laushi wanda aka cakuɗa da baƙin man mota don iska kada ta kwashe. Aikinsa ke nan: duk wanda ya gama bugu, sai ya ja wani tsohon buhu da aka ɗaure a jikin ƙarfe, ya zagaya, ya zagaya, har yashin ya koma sumul kamar ba a taɓa taka shi ba. Matan unguwa ba sa ratsa filin da rana tsaka. Ba su ce sun ga wani abu ba, cewa suke wurin ya cika shiru. A wannan lokacin kuwa, da masu wasan sun tafi cin abinci, shi yake ɗauko wata tsohuwar sanda da aka yar ya ɗaure ta da waya, ni kuma nake kai masa abinci, wasa-wasa da cukun wagashi.

"Bawana, ga abincinka. Har yanzu sharar ce?"

"Ranki ya daɗe, 'yar kawu. Tsaya daga can, kada ki taka mini yashi da ƙafar nan taki mai kama da faranti."

"Ƙato da kai kana bin ƙwan zabuwa da sanda. In ya faɗa ramin me ake ba ka?"

"Sai in ciro shi in tafi na gaba."

"Allah ya sawwaƙe."

"Ke ba za ki gane ba, kanki ya cika da Alhazan littafi. Duk wasan duniya mai yawa ke ci. Wannan kaɗai ne wanda ya fi ƙarancin bugu yake ci. Yi shiru ki ji."

Sai ya gyara tsayuwa, ya nutsa yatsun ƙafarsa cikin ƙasa, ya ɗaga sandar har bayan wuyansa. Tak! Ƙarar ba ta da yawa, amma a cikin wannan shirun tana ratsa ƙirji. Ƙwallon ya tashi ya shige cikin hasken rana, in neme shi in rasa, sai can da jimawa in ji ya faɗi, dum, a gindin tuta. Ban san ranar da na daina ganin bawa na fara ganin mutumin littafina ba. Na dai san na fara sa kwalli kafin in ɗauki kwano.

Ranar Litinin ake barin ma'aikata su yi wasa. Wata Litinin wani Bature mai jan wuya ya tsaya ya kalle shi, ya ce su gwada. Ya cinye Baturen. Ya cinye abokinsa. Kafin damina ta faɗi babu wanda bai cinye ba a filin, da sandar nan mai waya. Da aka tashi mayar da Baturen bakin teku, sai ya ce zai tafi da shi, akwai manyan filaye a can, akwai gasa, mutum na iya ci da kansa da sanda kaɗai. A gindin kaɗanya ya gaya mini.

"In na dawo zan je Jugu in gaida Kawu. Sai dai abin da ke damuna, me ake kai wa mai goro?"

"Goro mana."

"Nasa zan saya in miƙa masa?"

Na rufe fuska da mayafi na gudu. A hanya na gane maganar aure ce ya yi, a hanya kuma tsoro ya kama ni, domin na ga hotunan matan bakin teku.

Ranar tafiyar ya fita da sassafe da 'yar jakarsa. Ya ce za su yi wasan ban kwana da Baturen, daga filin mota za ta wuce da su. Na jira ya sha kwana, na durƙusa a ƙofar gida kamar yadda na ga ana yi, sai hannuna ya taɓa siminti. Mijin Gwaggo ya daɓe ƙofarsa tun bara, shi ne na farko a layin, yana alfahari da ita. Babu sawu. A kan hanya kuwa awaki da kekuna sun riga sun tattake komai. Na yi wanke-wanke, na dafa wa Gwaggo ruwan gashi, ban samu fita ba sai da rana ta take tsaka. Na sheƙa filin da gudu. Mota ta tafi. Babu kowa, ko kukan tsuntsu babu.

A rami na tara, na ƙarshe, na tarar ba a ja buhu ba, ga shi can yashe, alamar an yi masa hon ya tafi da sauri. Sawu iri biyu ne a kan baƙin yashin: na takalmin Bature mai ƙusoshi, da na ƙafa tsirara. Ban taɓa ganin sawu ya fito haka ba, har tsagar diddigensa ana gani. Ya tsaya ƙafa biyu a jere, inda ya yi bugun ƙarshe. Na yagi bakin zanena, na kwashe na dama. Abin da na kasa mantawa shi ne sanyin yashin. Rana tana ƙona mini ƙeya, amma abin da ke tafin hannuna kamar daga gindin randa aka ɗebo shi. Da na miƙe sai na ga 'yar tutar tana kaɗawa, alhali ganyen kaɗanya ko motsi ba ya yi. Na ƙulle, na tafi ban waiwaya ba, ina murna na yi dabara.

Ya kuwa dawo bayan kaka. Amma ba daga bakinsa muka ji ba. Wata mai tallan koko ce ta leƙo ta ce, "Gwaggo, ashe ɗanki ya zo? Tun hantsi na gan shi a fili da akwati." Sai da magariba ya shigo, da sabon takalmi rataye a wuya. Gwaggo ta ce wane irin ɗa ne zai gaida rami kafin uwarsa. Ya sosa kai ya ce, "Wallahi Inna, na sauka daga jirgi da niyyar gida, ƙafata ce ta kai ni." Muka yi dariya. Ni ban mayar da ƙasar ba. Na ce ai mako ɗaya zai yi ya koma, abin da ya yi aiki a bar shi ya ci gaba. Ya je Jugu, ya sayi goron Kawu ya miƙa wa Kawu, aka ɗaura mana aure.

Shekarun da suka biyo su ne na haskensa. Abijan, Akara, Legas, har ƙetaren teku ya je. Da sanda ya gina mana gida a Ganu, da sanda ya kai Gwaggo Makka, ita da ta ce wasan marasa aikin yi ne. Yana aiko da hotuna: ga shi da farar hula, ga shi riƙe da kofi mai kunne biyu, ga shi tsakanin Turawa ya fi kowa tsawo. Nakan jera su in zauna ina kallo, in ce littafina ya cika. Sai dai duk dawowar da zai yi, daga tasha filin yake wucewa, ya wuni, ya shigo mini da warin baƙin mai a ƙafa. In ya zauna cin abinci, ƙafarsa ta dama tana karkarwa a kan tabarma kamar ta mai ɗinki. Na taɓa tambayarsa me filin Ganu ya fi na can da shi.

"Can ciyawa ce kore shar, kamar darduma," ya ce. "Ba ta riƙe sawu. In na waiwaya ban ga inda na bi ba, sai in ji kamar ban zo ba. Ina tsaka da bugu sai in ji ana jirana a wani wuri."

"Ni ce nake jiranka."

"Na sani, 'yar kawu," ya ce, amma ba ni yake kallo ba.

Da na je Jugu wankan haihuwar fari, Iya ta tsufa, idonta ya kusa rufewa, amma hancinta na nan. Tana lalube cikin akwatina za ta ɗauko zanen goyo, sai ta tsaya.

"Wannan warin gareji fa?"

Ta zaro ƙullin, ta matsa shi, ta kai hanci. Na gaya mata duka, ina ɗan murmushi, ina jiran ta yaba. Ba ta yaba ba. Ta ajiye shi a ƙasa ta goge hannunta a zane, ta sake gogewa.

"Ke 'yar nan, don me kike tsammani aka ce ƙofar gida? Don ta fi kusa? Ƙasa tana kiran mai ita ne zuwa inda aka ɗebe ta. Kin ɗaure shi, amma a dajin Turawa kika ɗaure shi. Shekara nawa ke nan?"

"Uku."

"Innalillahi. Ranar da kika koma, kafin ki sauke kaya, ki je ki mayar."

"In na mayar, Iya, me zai riƙa dawo da shi Paraku?"

"Ke mana. In kin isa."

Wannan kalma ta ƙarshe ita ta hana ni. In na isa. Na duba madubi, na duba hotunan, na ga ban tabbata ba. Na ce gara mijin da ke zuwa fili ya kwana a ɗakina da wanda teku za ta haɗiye. Na koma Paraku na tura ƙullin can ƙasan akwati. Da Iya ta aiko tambaya, na ce a gaya mata na mayar. A kan wannan ƙaryar ta rasu tana sa mini albarka.

Daga baya kamfanin ya canja hannu, Turawan suka watse ɗaya bayan ɗaya, shanun Fulani suka shiga filin. A lokacin ne kiran ya tsananta. Wata shekara yana wata babbar gasa a wata ƙasa, shi ke gaba, saura rami uku, sai ya ajiye sanda a kan ciyawa ya fita ta ƙofa bai ce wa kowa komai ba. Kwana huɗu yana hawa mota yana sauka. Yara suka zo suka ce mini ga shi can yana jan buhu, da kayan gasar a jikinsa. Na je na same shi, na ce lafiya? Ya ce, "Na tuna ban share na tara ba." Aka ce gajiya ce. Ya sake yi a wata gasar, ya sake yi. Daga nan takardun gayyata suka daina zuwa. An kai shi likita, an kai shi wurin malamai har Onkulu, ya sha rubutu ya yi hayaƙi. Ni nake dafa masa maganin, ni nake miƙa masa, ina sane da abin da ke ƙasan akwatina. Kullum in ce gobe. In gobe ta yi sai in ga ai yanzu ba ya zuwa ko'ina, kowace magariba yana shigowa, kowace safiya ni nake zuba masa koko. Na samu abin da nake so, ina jin kunyar faɗa.

Haka ya tsufa. Yana bin gareji-gareji ana zuba masa tsohon mai a bido, wato jarka, yana gyara ramukansa tara ba mai wasa sai shi. Gari ya taso, aka fara yanka filin ana sayarwa. Tara ta koma shida, shida ta koma uku, har ya rage na taran kaɗai, tsakanin katangu biyu. Yaran da ba su san ya taɓa ɗaga kofi ba suna kiransa Baba mai sharar daji. Da rana tsaka zai tsaya a bakin hanya ya buga ƙwallo guda, tak, ya bi shi.

Ciwon da ya tafi da shi da damina ya zo. Wata rana bayan azahar ana yayyafi, yana kwance, ƙafar nan ta dama tana ta motsi ƙarƙashin mayafi, na kasa daurewa. Na ɗauko ƙullin na ajiye a gabansa, na faɗa masa komai, ban rage ba, har ƙaryar da na yi wa Iya. Ya daɗe yana kallonsa. Sai na ga kafaɗunsa na rawa, ashe dariya yake.

"'Yar kawu, ni da na yi shekaru ina cuɗa wannan yashin, kina tsammani ban san warinsa ba? Tun muna amarci nake jinsa in kin buɗe akwati."

"Ka sani? Me ya hana ka magana?"

"Na ce ko ranar da kika yarda da ni za ki zubar da kanki." Ya yi tari, ya huta. "Ban sani ba ko ƙullinki ne, ko ni ne dai haka Allah ya yi ni. Kofunan ba su dame ni ba. Amma ki ji, in na tafi ki mayar. Na gaji da shara. Ki 'yanta bawanki."

Na yi masa alkawari, hannuna cikin nasa. Bayan kwana biyu ya cika.

Ranar sadakar uku na ɗaura ƙullin a bakin zane, ina jiran mutane su ragu in sulale in fita. Gida cike da mata, ana rabon masa. Rana ta take tsaka, sai hayaniyar ta ɗan lafa kamar yadda takan yi, daga can bayan katangu na ji shi. Tak! Na dubi matan, ba wadda ta ɗaga kai. Na ƙirga a zuciyata kamar yadda na saba, sai ga dum. Na tashi na shiga ɗaki na mayar da ƙullin cikin akwati. Ban yi kuka ranar ba, ban yi a arba'in ba, har mata suna yaba haƙurina. Wane haƙuri? Mijina yana nan bayan katanga.

Na fita takaba, shekaru suka wuce. Kullum in na idar da aikin safe sai in shimfiɗa tabarma a gindin katanga in jira, kuma bai taɓa saɓa mini ba. Da'irar yashin nan ciyawa ba ta taɓa fitowa a kanta ba. Maza suka ce ai mai ne ya kashe ƙasar, na ce haka ne. Matan da ke yanke hanya ta wurin suka ce suna ganin shatar buhu a zagaye, sabuwa, kamar yanzu aka ja. Wata ta rage murya ta ce mini akwai sawu, amma na ƙafar hagu kaɗai. Ban je na duba ba. Nakan yi istigfari in ce gobe, kamar dā.

Bana sai ga wani magini, maƙwabcinmu, ya yi sallama ya tsuguna a ƙofar ɗakina yana murza hula.

"Hajiya, wata magana ce, kada ki ga rashin kunyata. Filin Baba an sayar, mai shi zai yi bene. Ran Alhamis za mu zuba kankare. To amma ma'aikatana sun ƙi. Da safe mu baza tsakuwa mu daidaita, mu tafi cin abinci, mu dawo mu tarar an share ta gefe, an fito da baƙin yashin nan. Sau uku ke nan. Mai gadi ya rantse ba wanda ya shiga. Na ce bari in tambaya, ko akwai abin da kika sani."

"In kuka zuba kankaren, ana iya kaiwa ga yashin kuma?"

"Ina! Sai dai in an rushe benen."

Na ce ya je, zan zo ranar da kaina.

Ranar Alhamis na yi wanka, na sa kwalli. Na isa rana na tsaka. Injin kwaɓa siminti a kashe, ma'aikata sun taru a inuwar katanga. Ga da'irar, ta ƙanƙance, bai fi a shimfiɗa tabarma biyu ba, amma sumul, shatar buhu ta zagaye ta. Sawu ya taso daga baki zuwa tsakiya, hagu, hagu, hagu, da tsagar diddigen da na sani. A gefen ramin ya tsaya. Kusa da shi, inda ɗan'uwansa ya kamata ya kasance, akwai ɗan gurbi kamar an kwashe da gefen hannu.

Na durƙusa. Ƙullin ya ƙi kwantuwa, sai da na sa haƙori. Yashin na nan da sanyinsa. Na zuba shi cikin gurbin, na kakkaɓe ƙyallen har ƙwayar ƙarshe, na daddanna da tafin hannu. Na ce, a hankali yadda su ba za su ji ba, "Na makara. Ka yafe mini. Je ka huta."

"Hajiya, mu zuba?" in ji maginin.

"Ku dakata tukuna."

Muka tsaya, ni da su, ba mai motsi. Na kasa kunne da dukan jikina. Inuwar katanga ta matso, ta taɓa bakin yashin. Wani zem ya wuce can nesa. Ladan ya kira azahar har ya gama. Ban ji komai ba.

"Ku zuba," na ce.

Ban tsaya kallo ba. Na taka zuwa gida, na wuce tabarmata, na zauna a tsakar gida a ƙasa, sai wani kuka ya ƙwace mini wanda ban san ina da shi ba, da ƙarfi, irin na yarinya. Maƙwabciyata ta faɗo ba mayafi, hannunta duk kumfar wanki.

"Subhanallahi, Hajiya! Wa ya rasu?"

"Maigidana," na ce.